Shagon Aski Babu Gashi

A duniya akwai mahaucin da ba ya cin nama, akwai direban da mota ke sa wa jiri. To Baba Tsaf shi ne mai askin da ba ya ƙaunar ganin gashi. In gashin yana kan mutum da sauƙi, wannan abinci ne. Amma da zarar ya faɗo ƙasa ya zama abokin gaba. Kafin suma ta gama sauka tsintsiya ta tarye ta. Sau da yawa zai bar mutum da rabin kai a aske, rabi a tsaye, ya sunkuya yana farautar sili ɗaya da ya ɓuya a ƙarƙashin kujera. Daga nan laƙabin ya samo asali, ya kuma haɗiye sunansa na gaskiya, har matarsa in ta ce "Malam" sai ya ɗan waiga ya ga ko da wani take.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, wani mutum mai saurin hannu da ke koyarwa da bayan mataji. Da kawun ya rasu ya bar masa shagon da abin da ke ciki: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa tun kafin a haifi 'yarsa ta fari, madubi mai tabo a kusurwa, dogon benci, da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Baba Tsaf bai ƙara komai ba sai kilifa ta lantarki da tsintsiya biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, kuma ba sa gaisawa.

Kwastomominsa tare suka tsufa da shi. Sun fara zuwa da suma kamar daji, a gabansa dajin ya yi ta ja da baya har ya koma fili. Duk da haka ba su fasa zuwa ba. Mutum zai zauna, a ɗaura masa tawul, a zagaya masa kilifa a kan sanƙo don girmamawa, a tsinto 'yar furfurar da ta rage a bayan kunne, ya sauka ya koma benci a ci gaba da gyara duniya. Shugabansu shi ne Tica, tsohon malamin makaranta, mutumin da ya yi ritaya daga koyarwa amma bakinsa bai samu labari ba. Tun suna samari yake aski a wurin. Shi ya riƙe wa Baba Tsaf jaka ranar da aka kai matarsa, Innar yara, asibiti haihuwa, shi ne kuma kaɗai ke da izinin cewa askin bai yi ba.

Layin ne ya canja ba su canja ba. Mai gyaran agogo ya tashi, tela ya tashi, mai ɗaukar hoto ya bi su. A gurbinsu shaguna suka tsiro masu baƙin gilashi da fitila shuɗiya, kowanne da allo: aski, gyaran farce, tausa. Na jikin bangon Baba Tsaf na wata mata ne da kowa ke kira Madam, mai fara'a, mai gaisuwa har da rusunawa. Bangon da ke tsakaninsu siriri ne, in an yi atishawa a can sai a ce "Alhamdulillahi" a nan. Amma tunda aka buɗe shagon Baba Tsaf bai taɓa jin ƙarar kilifa ta wannan bangon ba. Maza dai na shiga da sumarsu, suna fitowa da sumarsu, suna duban dama da hagu kamar masu tsallaka titi.

"Wannan aski na zamani ne," in ji Tica. "Ta aljihu ake yin sa."

"Ina ruwan biri da gada," in ji Baba Tsaf, ya ci gaba da shara.

'Yan sanda kuwa sun san da ruwansu, kuma sun gwada dabaru. Da farko samame ne. A zo da mota da jiniya tun daga bakin layi, kafin a iso kowace yarinya ta ɗauki mataji ta tsaya a bayan kujera kamar hoton kalanda. A kwashi 'yan matan, a bar mai shago, jibi su dawo a rame, a ci gaba daga inda aka tsaya. Daga nan aka koma turo masu farin kaya a matsayin kwastomomi. Dabara ce mai kyau, sai dai duk wanda aka turo ya canja riga, ya canja wando, ya manta da takalmi. Baƙin takalmin nan mai nauyi da ya sha goga, ko makaho ya ji takunsa ya san hukuma ce tafe. Sai a karɓe shi hannu bibbiyu, a yanke masa farce har da na ƙafa, a raka shi bakin ƙofa da addu'a.

Sannan aka kawo sabon Sufeto, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya ɗaga murya. Shi ya ce ya gaji da kamun 'yan mata, masu shago yake nema, da lasisinsu, da masu ba su haya. Ya ce baki na ƙarya, allo na ƙarya, amma shara ba ta ƙarya. Tela na gaskiya ƙyalle ke fita daga shagonsa, gidan abinci ƙashi da ɓawo, shagon aski kuwa gashi. Ya sa yaransa suka riƙa bin ledojin sharar layin suna buɗewa, wasu kuma suka zauna a rumfar mai faci suna kallon masu shiga da fita. Ba a yi mako ba aka raɗa masa Sufeton Juji.

Sirrin hukuma kuwa kamar ruwa ne a kwando. Wata safiya sai ga Madam a ƙofar Baba Tsaf, ta rusuna.

"Baba, ina kwana? Ya bayan naka?"

"Da sauƙi, 'yata. Tsufa ne, ba shi da asibiti."

"Wallahi tausayi kake ba ni in na ga ka ɗauki ledar nan har bakin juji. Muna nan, mu 'ya'yanka, a ce kai ke jigilar shara? Daga yau ka ƙulle ka ajiye, za a riƙa ɗauka a haɗa da tamu."

Baba Tsaf ya ji kamar an yi masa albishir da gida. A ce gashi ya bar shagonsa ba sai ya taka ko'ina ba, wani lokacin ma sau biyu a yini! Ya sa mata albarka har ta ji kunya.

Da ya ba Innar yara labari tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ruwa ba ya tsami banza. Ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa sha'awar shararka ba."

"Ke dai ba kya son a yabi kowa."

"A yabe ta mana. Ka dai tambaye ta me take dafawa da shi."

Bai tambaya ba, don ba ya bukatar tambaya. Ya ga ledar ba ta nufi juji ba, ƙofar Madam take shiga. Wata rana ma ya ga an barbaɗa gashi a bakin ƙofarta da ƙarƙashin kujerunta, kamar mai zuba wa kaji tsaba, ya kuma gane 'yar nannaɗaɗɗiyar furfurar Tica a ciki, don ko a duhu ya san ta. Ya tsaya, ya duba, hannunsa har ƙaiƙayin tsintsiya yake. Sai ya gaya wa kansa cewa abin da mutum ya zubar ba nasa ba ne, ya juya.

Kafin wata ya ƙare, 'yar furfurar tsofaffin nan ita ke ciyar da layin gaba ɗaya. Madam na raba wa maƙwabtanta, kowa ya samu ɗan abin sawa a leda. Har ƙorafi ta kawo.

"Baba, babu baƙi ne? Duk fari kake ba mu."

"Abin da gona ta bayar ke nan, 'yata."

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta fito sarai, layin cike da jama'a. Babu jiniya. Sufeto ya taho a ƙafa da Kofur ɗinsa da wasu biyu, suka fara daga bakin layi, shago bayan shago. Ko'ina suka leƙa gashi ne, a ƙasa, a kwando, har a kan tawul. A shagon Madam Sufeto ya tsuguna ya ɗauki ɗan tsunkule ya duba, ya ajiye, ya fito. Baba Tsaf na tsaye a ƙofarsa da tsintsiya, yana jin daɗin da mai gaskiya ke ji in ana binciken wasu.

"Sannu, Baba. Mu ɗan leƙa?"

"Bisimilla, ranka ya daɗe. A dai karkaɗe ƙafa."

Suka shiga. Daɓen shagon na ƙyalli, mutum zai iya cin abinci a kai. Tica da wasu tsofaffi biyu na kan benci, sun tsaya cak a tsakiyar musu. Sufeto ya duba ƙarƙashin kujera. Ya buɗe kwandon shara, ya tarar an wanke shi an kife shi ya bushe. Ya shafa yatsa a kan kilifa, ko ƙura.

"Baba, me ake yi a nan?"

"Kamar yaya me ake yi? Aski!"

"Ina gashin?"

Baba Tsaf ya buɗe baki, ya tuna da siririn bangon, ya rufe.

"Na share."

"Ka share ka kai ina? Yarana sun daɗe suna bin sharar layin nan. Kowane shago na fitar da leda. Naka ko ɗaya. Kofur, gaya masa abin da kuka gani."

Kofur ya ƙame. "Yallaɓai, maza zalla ke shiga. Manya-manya, masu iyali. Su shiga tun safe, wani sai azahar. Su fito kansu yadda ya shiga, ba ragi ba ƙari. Kuma suna fitowa suna dariya, yallaɓai."

"To sanƙo gare su! Me zan rage? Kunne?"

"Wancan labulen fa?" in ji Sufeto.

Bayan labulen wani ɗan lungu ne da Baba Tsaf ke miƙe bayansa in rana ta yi. Kofur ya yaye. Ga katifa a shimfiɗe da zanin gado fari fat. Ga kwalbar man zafi. Ga zanin mace a rataye da silifas na mata a gefe, na Innar yara ne, da take sawa in ta kawo abinci lokacin salla ya riske ta.

Kofur ya dubi Sufeto irin kallon mafaraucin da ya fita neman zomo ya ci karo da barewa.

"Ina suke?" in ji Sufeto a hankali.

"Su wa?"

"Baba, kada mu wahalar da juna."

Baba Tsaf ya waiga benci don Tica ya yi magana, mutumin da bai taɓa barin wata magana ta wuce shi ba. Bencin babu kowa. Tsofaffi uku masu ciwon gwiwa sun ɓace ba wanda ya ji motsinsu, ɗaya har ya bar hularsa.

Aka fito da shi a gaban jama'a, aka sa wa ƙofa kwaɗo, aka manna jar takarda. Mai faci ya bar tayar da yake yi, masu shago suka fito, yara suka hau katanga. Wata mata mai wucewa ta tafa hannu ta ce, "Tsoho da shi! Shi ya sa kullum yake shara, ashe sawu yake gogewa." Madam kuwa na bakin ƙofarta, ta dafe ƙirji tana girgiza kai, kamar yau ta fara jin ana irin wannan a duniya.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da shi a kan benci mai ƙura, wanda ya fi tuhumar ci masa rai. Sufeto ya ce abu mai sauƙi ne, ya kawo kwastomomi biyu su shaida aski suke zuwa. Aka aika gidan Tica, aka ce ya yi tafiya. Aka aika gidan na biyu, aka ce ba shi da lafiya. Na uku ya aiko cewa shi a gida matarsa ke masa aski tun da aka yi aurensu. Ba wanda ke son a rubuta sunansa a matsayin mai zuwa shagon da aka manna wa jar takarda.

Innar yara ce ta zo, da mayafinta a karkace, ta tsaya a gaban tebur.

"Yallaɓai, zanin nawa ne, silifas nawa ne, tsohon ma nawa ne. Wannan mutumin da kuke gani, in mace ta shigo shagonsa ƙafarta yake kallo, ko ta kwaso ƙasa." Ta juyo kansa. "Kai kuma Malam, za ka faɗa musu inda gashin yake zuwa, ko ni in faɗa da ƙari?"

Sai ya faɗa. Tun daga gaisuwar Madam har ƙorafin baƙi da fari. Sufeto ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Shi ya sa," in ji shi. "Duk shagon da na shiga furfura. Ina ta mamakin ƙarfin halin tsofaffin garin nan." Ya mayar da tabarau. "Ka san me ake yi da shi?"

"Ban tambaya ba, ranka ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Baba Tsaf ya dubi ƙasa. Akwai wani silin gashi kusa da ƙafar tebur, bai ko yi sha'awar ɗauke shi ba.

"Na gani," ya ce.

"To ka taya su ɓuya, Baba. Su ka rufa wa asiri, ka tona naka da babu komai a ciki. Yaran nan da ke shagunan, kana tsammani dukkansu da son ransu suke zaune? Da ka yi magana tun farko da yanzu wasu na gidajen iyayensu."

Kafin motar 'yan sanda ta isa layin, shagon Madam ya zama kango. An cire allo, an kwashe kujeru, an loda 'yan matan a wata farar mota kamar sauran kayan shago, ba wanda ya tambaye su ko suna son tafiya. Shaguna biyu aka samu aka rufe, masu gidajen suka sha tambayoyi. Baba Tsaf aka ja masa kunne aka sake shi.

Sai dai rufe shago da buɗe shi ba rana ɗaya aka haife su ba. An rufe a gaban duniya. Buɗewa kuwa Kofur ne shi kaɗai ya zo da sassafe, ya cire kwaɗo, ya yage takarda, ya tafi, shaidarsa akuya ɗaya. Ba a yi shela ba. Abin da layin ya sani shi ne an kama tsoho, tsoho ya fito, ke nan tsoho na da manya a sama.

Tsofaffin benci ba su dawo ba, matansu sun kafa doka. Amma shagon bai zauna shiru ba. Wasu baƙin fuskoki suka fara zuwa, magidanta masu ƙamshin turare da samari masu cikakkiyar suma. Mutum zai shigo yana waige, ya zauna, a ɗaura masa tawul, idonsa na ta cikin madubi yana laluben lungun nan. Baba Tsaf ya aske shi tas. In an gama sai ya yi ɗan tari.

"Baba, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Aski nake yi. Aski kawai. Wallahi tallahi babu komai a nan sai aski."

Sai mutumin ya kanne ido ɗaya. "Haka ake so, Baba. Ba a sakin baki da baƙo. Zan dawo mu saba."

Kuma su dawo ɗin. Baba Tsaf bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba tun da ya gaji shagon. Ya yage labulen, ya jingine katifa a waje kowa ya gani, aka ce ya mayar da harkar wani gida. Ya daina gaisa da mata a hanya, aka ce ƙwarewa ce. A wurin ɗaurin auren ɗan maƙwabcinsa ya ga an matsa masa wuri fiye da yadda jikinsa ke bukata.

"Ga kuɗi ga suna," in ji Innar yara. "Me kuma kake nema?"

Abin da yake nema bai fi mutum ɗaya da ya san shi ya ce ya san shi ba. Don haka ranar da saƙon Tica ya zo, cewa ya zo gida ya yi masa aski, da la'asar, lokacin da uwargida ta tafi unguwa, kuma ta ƙofar baya, Baba Tsaf bai yi fushi da ƙofar baya ba. Ya sallami mutum biyu da ke jira, ya zuba kayan aiki a jaka, ya bi ta lungu yana raɓe-raɓe da bango, shi da bai taɓa ɓuya wa kowa ba.

Ya tarar da Tica a tsakar gida a kan kujerar roba, furfura ta yi masa toho a keya da gemu kamar gonar da aka yi wa ƙaura. Suka gaisa sama-sama. Ba wanda ya ambaci benci. Baba Tsaf ya ɗaura tawul, ya shafa kumfa, ya wasa aska, hannunsa ya kama hanyar da ya sani. Har ya ji ƙirjinsa ya fara sakewa.

"Ka rame," in ji Tica.

"Kai ma ka yi gashi."

"Ka yi haƙuri da ranar nan. Ka san gwiwata, in ta ga hukuma sai ta warke."

"Ya wuce."

Aska ta sauko daga kunci zuwa maƙogwaro. Tica ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

"Tsaf, tsakaninmu. Ni ba zargin ka nake ba, kowa da yadda yake neman abincinsa. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai." Ya haɗiyi yawu, maƙogwaron ya motsa a ƙarƙashin askar. "Tun muna samari nake zama a bencin nan. Ni na riƙe maka jaka a asibiti. A ce duk zaman nan ana abu a bayan labule, ko sau ɗaya ba ka ɗauke ni wanda za ka gaya wa ba?"

Baba Tsaf ya tsaya da aska a hannu. Ya dubi wuyan, ya dubi kumfar, ya dubi fuskar da ya sani fiye da tasa. Rantsuwa ta zo masa har baki, ya ga ta riga ta gaji da fita.

"Ɗaga haɓa, Tica," ya ce. "Kuma ka daina magana, hannuna ba kamar da ba ne."